Maigida ya ba ni wa'adi a kan 'ya'yan mage shida

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Zariya, gidan haya mai ɗaki biyu da 'yar tsakar gida. A tsakiyar damina wata mage ta haihu a cikin sitona, bayan buhun gawayi, 'ya'ya huɗu. Ban kore ta ba, na riƙa ajiye mata ragowar abinci. Ana nan sai yaran unguwa suka kawo mini wasu biyu da suka tsinto a bakin kwata, mota ta take uwarsu. Na sa su cikin nata, Allah ya sa ta karɓe su. Yanzu sun kai sati shida, sun cika gidan, suna kashi a bayan randa, ɗaya har ta yaga labulen falo. Abban yara ya ce ya gaji, ya ba ni zuwa ƙarshen wata, in ba haka ba zai ba almajiri kuɗi ya zuba su a buhu ya kai bayan gari. Hajiyarsa kuma ta ce mai ciki ba ta zama da mage, ga shi cikina wata biyar. Na ɗora hotonsu a sitatus ɗin WhatsApp, babu wanda ya zo sai yara. Na ba wani yaron makwabta ɗaya, bayan kwana biyu na gan shi yana jan ta da igiya a wuya, na karɓo abata. Anti yaya zan yi in samo musu gidajen da za su zauna? Ba na son alhakinsu, ba na kuma son rigima da mijina.

Wata baiwar Allah, Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri, ya kuma sauke ki lafiya.

Bari in fara da Abban yara, domin in ba a shawo kansa ba duk sauran maganar tatsuniya ce. Mutumin nan yana da gaskiyarsa. Ya dawo daga nema a gajiye, ya tarar da warin kashin mage a inda ake ɗiban ruwan sha, ga labule a yage. Ko ni da nake son mage ba zan ji daɗi ba. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ki ce masa komai, ki kashe warin. Ki samo tsohon baho ko robar wanki da ta fashe, ki zuba yashi busasshe kamar tsawon yatsa, ki ajiye a lungun sito. Duk lokacin da suka gama cin abinci a ɗauke su a ɗora a kai. Mage ba ta buƙatar dogon koyi a kan wannan, binne kashinta halittarta ce, kwana biyu ko uku sun gane. Bayan randar kuma a wanke shi tas da omo, a ɗora wani abu mai nauyi a wurin, don in suka ci gaba da jin warin za su ci gaba da komawa. Sannan ki tsare su a sito da tsakar gida, falo ya haramta gare su.

In ya kwana biyu bai ji wari ba, sai ki same shi bayan ya ci ya ƙoshi. Kada ki je da roƙo da hawaye, ki je da rana. Ki ce masa, “Abban yara, ka ƙara mini sati uku a kan wa'adinka, ran kaza ga wata ba za ka ga ko ɗaya ba.” Maza sun fi jin maganar da ke da ƙarshe. Kuma ƙarin lokacin nan yana da dalili. Ɗan mage ba a raba shi da uwa kafin ya cika sati takwas, in da hali ma a kai goma zuwa sha biyu. A wannan tsakanin ne yake gama yaye, yake koyon farauta, yake kuma koyon iyakar cizo da yaƙushi a wasa da 'yan'uwansa. Wanda aka cire da wuri shi ne yake tashi da tsoro ko da yawan cizo, kuma irinsa ne ake dawo miki da shi ko a jefar.

Maganar buhu kuwa, na san yadda mutane ke kwantar wa kansu da hankali a kanta. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Sai ka ji mutum ya ce, ai ni sakin su na yi, ban tsare ba. Sakin da ake nufi na wadda za ta iya ciyar da kanta ne. Ɗan sati shida ko ƙadangare bai iya kamawa ba. A bayan gari shaho ne da karnuka da yunwa ke jiran sa, kwana nawa zai yi? Ki faɗa wa maigida wannan sau ɗaya, a hankali, ba da muryar wa'azi ba, ki bar shi da zuciyarsa. Mutumin da ya bar mage ta yi jego a sitonsa sati shida ba mugu ba ne, gajiya ya yi.

Hajiya ma kada ki watsar da maganarta, rabinta gaskiya ne. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira toksoplasma, tana fita ta kashin mage, kuma in mai ciki ta kamu da ita karon farko tana iya taɓa ɗan da ke ciki. Sai dai ba ta hanyar gashi ko numfashi ake ɗauka ba, ta hannu ce zuwa baki. Ana kuma samun ta a naman da bai dahu sosai ba da salak ko kabejin da ba a wanke da kyau ba, abin da ba wanda yake hana mai ciki a kai. Ƙwayar ba ta zama mai haɗari sai kashin ya kwana aƙalla ɗaya, shi ya sa ake kwashe yashin kullum. Amma ba ke za ki kwashe ba. Ki sa babban yaronki ko mai taya ki aiki, a wanke hannu da sabulu bayan haka. In ya zama dole ke ce, ki sa leda a hannu. Ki kuma ambata wa ma'aikaciyar asibiti in kin je awo. Sai ki je ki gaida Hajiya ki ce mata kin bi maganarta, kin daina taɓa ƙazantarsu, kuma kina kan raba su. Tsohuwa in ta ga an ɗauki maganarta da daraja, sau da yawa ita ce za ta fara tuno miki ƙawarta da ɓeraye suka dama.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Kuskuren da kika yi da yaron makwabta kowa yana yin sa: kin ba wanda ya nuna yana so, ba wanda zai iya riƙewa ba. Mu Hausawa mun san riƙo. In za a ba da yarinya riƙo ba a miƙa ta ga duk wanda ya ce tana da kyau, sai an duba gidan, an san wa ke da iko a cikinsa, an san ana cin abinci. Ki ɗauki 'yan magen nan haka. Yaro ba shi da gida, ba shi da tukunya. In yaro ya zo, ki ce ya turo mamarsa.

Sitatus ya kawo miki yara ne saboda kin tallata kyau, kyau kuwa yara yake ja. A ƙasar nan babba yana neman mage ne don ɓera, sannan daga baya sabo ya shiga har ta zama 'yar gida. To ki bi sawun ɓera. Kin ma yi sa'ar lokaci, ga kaka ta kawo jiki, masara da dawa da gero za su shiga sito da rumbu, ɓera na biye da su. Masu shagon hatsi, masu tireda, mai injin niƙa, gidan burodi, gidajen da ke ajiye amfanin gona, duk suna cikin masu nema. Akwai kuma waɗanda na fi so a kan kowa, tsofaffin mata da 'ya'ya suka watse suka bar su su kaɗai a sashensu. Wurin irin su mage take samun gata, tana kwana a gefen tabarma, ana yi mata hira kamar mutum.

Ke da ke da ciki wata biyar ba za ki iya zaga kasuwa ba, kuma ba sai kin zaga ba. Ki faɗa wa dillaliyar da ke shigo muku. Babu wanda ya san cikin gidajen unguwa kamar ta, ta san inda ɓera ya cinye atamfar lefe, ta san gidan da ake zubar da abinci da gidan da ake dukan dabba. Ki faɗa wa mai kitso, ki sanar a Islamiyya bayan an tashi, ki faɗa a wajen adashi. Shi ma Abban yara ki ba shi aiki, ya ambata a majalisarsu da masallacin unguwa. Mai son a rabu da su ai shi ya fi cancanta ya taya nema.

In mai so ya zo, ki ba shi ruwa, ku yi hira, tambayoyinki su fito a cikin hirar. Maigidan ya sani, ya yarda? Sun taɓa kiwon mage, ina ta tafi? Amsar wannan tambayar kaɗai tana gaya miki kusan komai. Wadda ta ce “ta shekara bakwai a wurinmu, tsufa ya kashe ta” daban take da wadda ta ce “mun yi uku duk sun gudu”. Da wuya mage ta gudu daga inda ta saba ake ciyar da ita. Ki tambaya ko suna da tattabaru ko 'yan tsaki, domin ranar da ta kama ɗaya ranar za a kore ta da taɓarya, alhali laifin na wanda ya haɗa su ne. Ki tambaya ko suna sa shinkafar ɓera. In suna sawa, sai sun daina sun kuma share ragowar, don magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya bin sa.

Sai babbar tambaya, me za ta ci? Za ki ji wani ya ce, “ai ba a ba ta abinci, in ta ƙoshi ba ta kama ɓera.” Wannan ki sallame shi da fara'a. Maganar ba gaskiya ba ce. Mage tana farauta ko ta ƙoshi, ɗabi'arta ce, kuma mai ƙarfi a jiki ta fi iya kamu. Mai yunwa makwabta take shiga, ta buɗe tukunyar miya, a jefe ta, ko ta koma inda ta samu abinci ta bar shi da ɓerayensa.

Na taɓa faɗawa wannan ramin da kaina, shi ya sa nake dagewa. Shekarun baya na ba wani mai shagon hatsi wata 'yar mage ja mai farin wuya, mutumin kirki a fuska, har da godiya. Ban tambaye shi wa ke buɗe shago in ya yi tafiya ba. Babbar Sallah ta zo, ya garƙame shagon ya tafi garinsu kwana shida. Mai shayin da ke gefe ne ya ji kuka ta ƙasan ƙofa, ya riƙa tura mata ruwa a murfin galan da gutsuren burodi ta 'yar kafar da ke wurin. Da aka buɗe, ta fito tana tangaɗi, ƙasusuwan bayanta a waje, muryarta ta dushe. Ta rayu, wurin mai shayin ta ƙare zamanta. Tun daga ranar duk mai shagon da ya zo nema, tambayata ta farko ita ce ranar Juma'a da ranar Sallah wa ke ba ta ruwa.

Akwai kuma waɗanda ko hira ba sai an yi ba. Wanda ya zo ya ce shi lallai baƙa wuluk yake so wadda babu ɗigon fari, bai tambayi me take ci ba, bai damu da mace ce ko namiji ba, yana ta gaggawa, kin san ba kiwo ya kawo shi ba. Haka wanda ba ki sani ba ya ce a ba shi duka shidan. Ki ce an riga an yi alkawarinsu.

Batun kuɗi, ni ba na ba da shawarar sayarwa. Akwai hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim da ya yi hani ga kuɗin mage, kodayake malamai sun yi saɓani a kan fassararsa, kuma dai magen gida ba irin masu dogon gashin nan ba ce da ake saya da tsada. Amma ki ce wa mai ɗauka shi zai biya kuɗin allurar rigakafi. Wanda ya ja baya a kan wannan ɗan kuɗin ya nuna miki yadda zai yi ranar da ta kwanta ciwo.

Kina Zariya, kin huta da neman likita. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, akwai kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu a gari. A kai su a cikin kwali mai huji a ba su maganin tsutsar ciki, a duba ƙuma da makero, wanda yana iya kama yara. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta in sun cika wata uku, kuma mage ma tana ɗaukar ciwon, ba kare kaɗai ba. Ran 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, a wurare da yawa akan yi rigakafi kyauta a lokacin, ki sa kunne. In magen da ba a san ta ba ta ciji wani ko ta yaƙushe shi har jini, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Ranar miƙawa, kada ki ba da saƙo. Ki je da kanki ko ki tura wanda kika amince da idonsa, a ga gidan. In mutum zai iya ɗaukar biyu ki ba shi biyu, sun fi saurin sabo kuma ba sa kwana suna kuka. Ki haɗa musu da yankin tsohon zanen da suke kwana a kai, warin uwarsu na jiki. Ki ce a rufe su a ɗaki ɗaya da ruwa da abinci da bahon yashi na sati biyu kafin a bar su su fita, in ba haka ba daren farko za su bi hanyar neman gida su ɓace. Ki duba halin kowanne kafin ki zaɓa masa wuri: mai yaga labulen nan, wadda ba ta tsoron kowa, ita ce ta shago. Wadda aka ja da igiya kuwa ki bar ta ta zama ta ƙarshe, ki nema mata gidan da babu ƙananan yara.

Ki gaya wa kowane mai ɗauka abubuwan da ke kashe mage cikin rashin sani. Farasitamol guba ce gare ta, ko ɓari ɗaya yana iya kashe ta. Kada a fesa mata fiya-fiya ko wani maganin ƙwari don ƙuma, ko maganin kaskar kare. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne. Madarar shanu da ta gwangwani zawo suke sa yawancinsu, duk da yadda suke lashewa. Kuma mage mai cin nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta, in aka daɗe a haka ido da zuciya suna taɓuwa. Ba sai an sayi abincin kanti ba. Kan kifi, dafaffen ƙwai, kayan cikin kaza da ake samu da araha wurin masu fige kaji, a dafa ba gishiri a cakuɗa da 'yar shinkafa, ya wadatar. Daga ƙarshe ki ce, “in ta gagare ku, don Allah kada ku yar, ku dawo mini da ita.” Bayan sati ɗaya ki leƙa ko ki nemi hoto.

Saura wadda ba ki tambaye ni a kanta ba, alhali ita ce tushen zancen: uwar. Cikin mage kwana 63 ne zuwa 65, wata biyu da 'yan kwanaki. Tana iya ɗaukar wani cikin makonni kaɗan bayan haihuwa, wani lokaci tun tana shayarwa, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. 'Ya'yanta mata kuma tun suna wata huɗu zuwa shida muzuru zai fara bin su. In kika raba shidan nan kika bar ta haka, kafin ki yi arba'in wasu na bayan buhun gawayi, ga jariri a hannunki, kuma duk gidajen kirkin da kika sani kin riga kin cika su.

Maganin shi ne aikin da likitan dabbobi ke yi na cire mahaifa, bayan ta gama yaye nononta ya ƙafe. Ana sa mata maganin barci, a ɗinke, cikin kwana goma zuwa sati biyu ta warke. Mazan ma ana yi musu fiɗiya, sai su rage yawo da faɗa da fitsarin nan mai wari. In zuciyarki na ɗar-ɗar ta fuskar addini, ki tuna taure da muke kiwo muna yanka, kuma malamai da yawa sun halatta yin haka ga dabba in akwai maslaha kuma ba a azabtar da ita ba. Ki tambayi malamin da kika natsu da shi. Abin da zan hana ki shi ne allurar tsarin iyali ta mutane da wasu ke yi wa mage a kemis. Tana jawo ruɓewar mahaifa da ƙari a nono.

Babbar mage ta fi kowa wuyar samun gida, kuma ko an kai ta wani wuri sau da yawa sai ta dawo. Don haka shawarata ita ce ta zauna. Ki ajiye wannan maganar sai 'ya'yan sun fara raguwa, gida ya yi shiru, wari ya tafi. Sannan ki tambayi Abban yara, tun da ta shigo gidan nan, yaushe rabon da ya ga ɓera ya huda buhun shinkafa? Ki ce masa guda ɗaya ce, an yi mata aiki, ba za ta sake haihuwa ba, kuma kuɗin aikin sau ɗaya ne. Ki tambayi farashin tun ranar da aka kai 'yan magen Samaru, don ki je masa da adadi a hannu.

In ranar da kika yanka ta zo saura ɗaya ko biyu, kada ki ɓoye su a bayan gawayi ki ce sun tafi. Ki nuna masa huɗu ko biyar sun samu gida, ki faɗi sunayen gidajen, ki nemi sati ɗaya. Ki rubuto mini in ji yadda aka ƙare da mai igiyar nan.